Ranar da Aka Kai Lissafina Gaban Liman

Ranar Asabar ce, bayan la'asar, mu uku ne a barandar gidan ɗana da ke Ogui a Enugu: ni, da jikata mai aji huɗu a sakandare, da wayarta, domin yanzu duk zaman da aka yi sai an lissafa waya cikin mahalarta. An ba ta aikin gida na lissafi. Ina kallo ta buɗe littafi, ta ɗaga wayar a saman shafin, ta ɗauki hoto. Kafin in ajiye kofin shayina amsa ta fito, ta kwafe, ta kai hannu za ta juya shafi.

"Amarya, me kika samu?" na ce.

"Uku."

"Uku da me?"

"Uku kawai. Abeg Kaka, kar ka fara, saura tara ban yi ba."

Na miƙa hannu, ta ba ni littafin tana tura baki. Na gyara tabarau na karanta: x² − 6x + 9 = 0. Na daɗe ina kallon layin nan. Ban san wanda yake rubuta littattafan lissafi ba, amma ko wane ne bai canza tambaya ba tun ina yaro. Wannan tambayar ce, ba wata mai kama da ita ba, ta kusa raba ni da makaranta, sai da limami da mahauci da tabarmar albasa suka shiga tsakani. Yau ga shi waya ta yanke hukuncinta kafin shayi ya huce, ba a ko gaisa ba.

A Fatakwal na tashi, a Borokiri, cikin gidan haya irin mai ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa. Abin da na fi tunawa da unguwar shi ne ƙararta. Da asuba kiran salla daga ƙaramin masallacinmu na kwano, wanda ladan yake yi da maƙogwaronsa kawai. Bayansa jiniyar jirgin ruwa daga tasha, mai kauri kamar kukan bijimi. Sai matan da suka sauko daga kwale-kwale da kifi suna kiran ciniki da yarensu, sai bokitai suna karo a layin famfo, kowace mai bokiti tana rantsuwa ita ta riga zuwa. Sannan ruwan sama a kan kwano, wanda idan ya kankama kowa yakan bar magana ya koma nuni da hannu. Na je unguwar bara, na tsaya na kasa kunne, ban ji kome ba sai janareta da hon ɗin motoci. Ƙarar ta fi ta da yawa, amma ba ka iya gane ƙarfe nawa da ita.

Baba mai albasa ne a kasuwar Creek Road. Albasa 'yar Arewa ce, ba ta son danshi, Fatakwal kuwa ba ta da abin da ya fi danshi yawa, saboda haka zaman gidanmu gaba ɗaya tsere ne tsakaninmu da ruɓa. Aikina kullum bayan makaranta shi ne in zazzage buhu, in latsa kowace ɗaya da babban yatsa, mai taushi in ware ta gefe Inna ta kai tukunya. Idan rana ta leƙo mu shanya a tabarma, idan hadari ya taso mu kwashe da gudu, wani lokaci sau uku a yini. Har na gama firamare ban san ina warin albasa ba. Sai da na shiga sakandare wani ya sanar da ni cikin ladabi, ta hanyar canza benci.

Baba bai yi boko ba. Yana karanta ajami, yana gane lambobi, a ƙirga kuwa ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Zai dubi kashin albasa daga nesa ya ce maka saura biyu, ka je ka ƙirga ka tarar saura biyun. Shigata sakandare ba da son ransa ba ne. Gwiwarsa ta fara ciwo, yana bukatar hannu a rumfa, Inna ce ta tsaya kai da fata. Ya yarda bisa sharaɗi guda, wanda ya faɗa sau ɗaya bai sake maimaitawa ba: "Ran da na ga kana rabin aiki, ka ajiye littafi ka ɗauki buhu." Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya karɓi littattafaina ya duba. Ba karanta abin da na rubuta yake yi ba, ƙirgawa yake yi: layi nawa, jan biro nawa, shafi nawa aka ci a mako. Iyayen yanzu suna da lambar malamin aji a waya, suna da zauren hirar iyaye inda ake ta aika addu'o'i, amma ban ga wanda yake bin karatun ɗansa da tsanani irin na mutumin nan da ba ya iya karanta kalma ɗaya a ciki ba.

A ɗakin ƙarshe na gidan akwai wani mutumin kudancin Kaduna, Kirista, akawu a tashar jiragen ruwa. Ya taɓa koyarwa kafin ya zo kudu, don haka kowa Ticha yake ce masa. Hausarsa ta fi tamu tsabta, mu da aka haifa a bakin ruwa muna cakuɗa ta da turancin kasuwa. Da yamma yakan jingina allo a baranda ya koya mana lissafi, ni da ɗan mahaucin da ke ɗakin kusa da namu. Mahaucin nan Kawu muke ce masa, ko da yake ba mu haɗa kome ba sai famfo. Wata rana Baba yana wucewa da buta ya ji Ticha yana cewa, "Duk inda kuka ga ƙaramin biyun nan a kan x, ku nemi amsa biyu." Makon nan kuwa haka aka yi ta yi, tambaya irin x² − 5x + 6 = 0, amsarta biyu da uku. Baba bai tsaya ba, amma ya adana maganar.

Mako na gaba, ranar Laraba, Ticha ya rubuta mana tambayoyi goma ya ce sai Lahadi zai duba, jirgi ya iso, aiki ya yi masa yawa a tasha. Ta farkon ita ce wadda jikata ta ɗauki hotonta. Hanyar da ya koya mana ba ta da wuya. Ka nemi lambobi biyu waɗanda idan ka ninka ɗaya da ɗaya za su ba ka lambar ƙarshe, wato tara, idan kuma ka haɗa su za su ba ka ta tsakiya, wato shida. Uku da uku ke nan. Da yake shidan cirewa ake yi, sai lissafin ya koma (x − 3) sau (x − 3). Abu biyu kuwa idan aka ninka su suka ba da sifiri, dole ɗayansu sifiri ne. Na dubi ɓangaren farko, x uku ce. Na dubi na biyu, x uku ce. Na goge na sake daga farko, uku. Tambaya ta biyu ita ma amsa ɗaya, ta uku haka. Ashe Ticha ya zaɓo su ne duk irin waɗanda ɓangarorinsu biyu suke fitowa iri ɗaya, bai gaya mana ba don ya ga abin da za mu yi.

Ɗan Kawu bai ɓata lokaci ba. Shi ma uku ya samu, sai ya rubuta ta, ya ƙara wata ukun mai alamar cirewa a gabanta, wato uku ƙasa da sifiri.

"Ina ka samo wannan?" na ce.

"Gyara ne," in ji shi. "Ticha ya ce biyu. Ka taɓa ganin babana ya auna nama bai ɗora gyara ba? Kai ma sa, no be fight, ba faɗa ba ne."

Na gwada gyaran nasa a cikin tambayar. Tara, a ƙara sha takwas, a ƙara tara, talatin da shida ke nan, ba sifiri ba. Na ƙi sawa. Ba zan ce jarumtaka ce ba. Ban san Kawu zai fita da littafin ɗansa bencin ƙofar masallaci ranar Juma'a ba.

Ya fita da shi kuwa, domin Kawu mutum ne da ba ya son alherin da Allah ya yi masa ya kwana ba a sani ba. Baba ya karɓa, ya bi amsoshin da yatsa: ashirin. Ya aika aka kawo nawa: goma. Tambayoyi iri ɗaya, malami ɗaya, allo ɗaya. Ya rufe littafin a hankali, ya miƙo mini.

"Litinin ka biyo ni kasuwa."

Na fara bayani, ya ɗaga hannu.

"Ni ban iya karatunku ba, amma da kunnena na ji malaminku ya ce biyu. Goma rabin ashirin ne, ko a boko ya canza?"

Inna ba ta yi gardama ba, ba a yi wa Baba gardama a kan ƙirga. Abin da ta ce shi ne, a unguwar nan ko akuya ce ta ci garin wani sai an kai maganar gaban Liman, balle cire yaro daga makaranta. Gaskiya ta faɗa. Mu baƙi ne a garin mutane, iyayenmu ba sa son maganarsu ta fita waje, don haka kome a ƙofar masallaci ake kashe shi: rikicin rumfa, faɗan famfo, wanda ya tare hanya da kaya. Liman kuma bai taɓa cewa wata magana ba fanninsa ba ce. Aka sa Lahadi bayan azahar, lokacin da Ticha zai dawo daga coci.

Lahadin rana ta fito sosai. Baba ya sa na shanya albasa a tabarma gefen masallacin, kada a yi asarar rana saboda shari'a. Ticha ya iso da kwat ɗinsa ta coci. Aka gaisa yadda ake gaisawa a lokacin: gajiya, iyali, ruwa, kasuwa, gwiwar Baba, labarin gida, mutum ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake kowa ba, ni kuwa ina tsugune ina jiran a ce littafi ko buhu. Liman ya saurari Baba. Ya saurari Kawu, wanda bai yi ƙara ba, ba a kuma yi ƙararsa ba, amma ya fi kowa magana. Sannan ya juya.

"Ticha, ka ce amsa biyu ko ba ka ce ba?"

"Na ce, Allah gafarta Malam."

"Yaron nan ya kawo ɗaya."

"Daidai ya yi. Na ɗan Kawu ne ba daidai ba."

Kawu ya gyara zama. "Wanda ya kawo da yawa shi ne ya faɗi? A wace kasuwa?"

Ticha ya ciro alli daga aljihun kwat, domin shi ko coci da alli yake zuwa, ya rubuta (x − 3)(x − 3) a jikin bencin. Ya nuna ɓangaren farko ya ce uku, ya nuna na biyu ya ce uku. Amsa biyu ce, in ji shi, amma dukansu uku ne.

Liman ya dubi rubutun, ya girgiza kai. "Ticha, in mutum ya kawo mini shaida, shaidan ya shigo ta ƙofar nan ya faɗi magana, ya zagaya ya shigo ta waccan ya maimaita, shaida nawa ya kawo?"

"Ɗaya."

"To."

Ni kuwa na fara tunanin wace riga zan ware ta ɗaukar buhu. Ticha ya dubi sama, ya dubi ƙasa, idonsa ya faɗa kan tabarmar shanya.

"Maigida, a ara mini albasa ashirin da biyar."

Baba bai ce a'a ba, fuskarsa ce ta ce. Ticha ya durƙusa da kwat ɗinsa ya fara jera su, suna gangarewa, ya kamo wannan waccan ta gudu. Baba ya jure har layi na biyu.

"Ticha, matsa. Albasa a kan gindinta take zama. Faɗi abin da kake so."

"Layi biyar, kowane layi biyar."

Nan da nan Baba ya jera su, tsawo da faɗi daidai, sun fi sahunmu na Juma'a miƙewa. Ticha ya ce wannan x da ake ta magana a kanta ba kome ba ce illa yawan albasar da ke gefe ɗaya. Yanzu biyar ce, kashin duka kuma biyar sau biyar, shi ne abin da ƙaramin biyun yake nufi. Ya ce a kwashe layi uku ta tsawo. Baba ya kwashe, ya ce, "Sha biyar." Ya ce a kwashe layi uku kuma ta faɗi, a takarda su ma sha biyar ne, jimla talatin, shi ne shida sau biyar ɗin da ke tsakiyar tambayar.

Baba ya kwashe, ya tsaya da hannunsa a sama. "Talatin daga ashirin da biyar? Ticha, shida ne kawai a hannuna. Sauran ka riga ka ɗauke su ɗazu. Sau biyu ka ƙirga ƙuryar nan."

"Nawa na ƙirga sau biyu, Maigida?"

"Tara."

Ticha ya buɗe littafina, ya ɗora yatsa a kan taran da ke ƙarshen tambayar. "Ga ta nan. Takardar ta san ta ƙirga sau biyu, shi ya sa ta mayar."

Baba ya karɓi littafin, ya daɗe yana kallon taran nan. Ina jin ranar ce ya fara yarda boko abokin cinikin da za a iya bar wa rumfa ne. Ya dubi tabarma: huɗu suka rage, biyu ta tsawo, biyu ta faɗi.

"Abin da ake tambaya," in ji Ticha, "kashi mai layi nawa ne idan aka yi masa wannan kwasar ba abin da zai rage?"

Baba bai jira wani bayani ba. Ya jera huɗu-huɗu, ya kwashe uku ta nan, uku ta can, ɗaya ta rage. Ya jera uku-uku, ya kwashe ta tsawo, wurin ya zama wayam. Ya mayar da su, ya kwashe ta faɗi, wayam. Ya gwada shida-shida don kansa, tara suka rage. Ticha ya ce idan aka sauka ƙasa da uku, a takarda ragowar sake hawa take yi: biyu ta bar ɗaya, ɗaya ta bar huɗu. Lissafin saukowa yake yi, ya taɓa sifiri a uku kaɗai, ya koma sama.

"Na ɗana fa?" in ji Kawu. "A gwada gyaran."

Ticha ya ce akwai tambayoyin da amsarsu take zuwa ƙasa da sifiri kuma ta zama daidai, amma a nan idan aka sa ta talatin da shida take bayarwa.

"An ce a share tabarma," Baba ya ce, bai ɗago ba, "ɗanka ya ƙaro mini kwando."

Aka yi dariya, har da ladan. Kawu ya ce su dai a wurinsu ba a taɓa dawo da nama don gyara ya yi yawa ba.

Liman, wanda tun ɗazu hannun Baba yake kallo, ya yi gyaran murya. "Makon jiya fa, da ake samun biyu?"

"Can ta tsawo layi biyu ake kwashewa, ta faɗi uku, Malam. Kowane gefe da tasa amsar. Nan gefen biyu duk uku ne."

"Ashe ban yi maka adalci ba," in ji Liman. "Ba shaida ɗaya ne ya zagayo ba. Tsawo shaida ne, faɗi shaida ne, bakinsu ne ya zo ɗaya. Irin wannan shari'ar muke nema a bencin nan ba ma samu." Ya juya ga Baba. "Yaro bai yi rabin aiki ba."

Baba bai ba ni haƙuri ba. Iyayen lokacin ba sa yi, mu ma ba mu san ana yi ba. Ya tattara albasarsa yana latsa kowace ɗaya, ya ga ko akwai wadda Ticha ya ji wa ciwo. Sai da ya gama ya ce, "In shaidu biyu ne, a rubuta su biyu. Kada wani ya sake buɗe littafin ɗana a benci ya ƙirga goma." Ticha ya buɗe baki zai yi magana, ya tsaya ya yi tunani, ya ce a gaskiya masu jarrabawa ma suna son a nuna cewa amsar sau biyu ta zo. Baba ya ce ai ya sani.

Litinin na tafi makaranta. Daga ranar har na gama, duk tambaya irin wannan sau biyu nake rubuta amsarta, ba a taɓa rage mini maki ba. Daga baya, shekarun da na yi ina fassara labarai a gidan rediyo, da aka ce mana kada a karanta labari sai majiya biyu sun tabbatar, ban ji sabon abu ba, a benci na fara jinsa. Bencin babu shi yanzu. Masallacin kwanon ya zama bene mai lasifika huɗu, maganar unguwa kuma ta koma cikin waya, inda kowa yake yanke hukunci babu mai sauraren shaida. Ɗan Kawu ya bar makaranta da kansa bayan shekara ɗaya. Yau yana da manyan ɗakunan sanyi na nama a Anacha, duk babbar salla yana aiko mini da cinya, kuma ban taɓa buɗe ledar ban tarar da gyara a kai ba.

Na ba jikata labarin nan a taƙaice, ta saurari wajen rabi.

"Kaka, so duk wannan wahala saboda uku?"

"Rubuta ta sau biyu."

"Wayar sau ɗaya ta rubuta."

"Wayar ba ta da uban da zai ƙirga."

Ta rubuta x = 3, x = 3, don in ƙyale ta. Ranar Litinin malamarta ta ba ta cikakken maki, ta kuma sa ta fito gaban allo ta bayyana wa aji dalilin da ya sa ta rubuta uku sau biyu. Ba ta sani ba. Ranar Talata bayan la'asar ta shigo baranda da kwandon albasar uwarta, ta ajiye a gabana.